Fita uku a Tafkin Eri, walai biyu kacal: ina matsalar take?

Abba Columbus:
Assalamu alaikum 'yan gida. Shawarar manya nake nema, don abin ya fara isata. Bara na sayi ɗan jirgi mai tsawon ƙafa 18, na hannu ne amma injinsa lafiya lau. A watan Mayu mun fita kamun kifin walai (walleye) daga Port Clinton, a yammacin Tafkin Eri cikin jihar Ohayo ta Amurka, ni da surukina, kafin azahar kowa ya cika shidan da doka ta yarda ya kama a rana, har na fara jin kaina wani sarkin ruwa. To tun da Yuli ya kama fita uku na yi, wuri ɗaya, kaya iri ɗaya, walai biyu kawai na kawo gida. Sauran duk wannan kifin mai gurnani ne da suke ce wa shifshed, sai 'yan ƙananan da ba su kai inci 15 ba, mu cire mu mayar. Tuƙin sama da awa biyu, ga kuɗin mai, uwargida har ta fara tambaya ko in biya kanti in sayo kifin kawai a huta. Kifin roba na Bandit nake ja a bayan jirgi, sanda huɗu. Ina zargin launin ne bai dace ba. Wane launi ke ci yanzu?

Ɗan Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Kifin da sunansa ma rantsuwa ne, walai, ai dole ya sa ka rantse-rantse.

Injiniya:
Bakano kenan. Kifi ya ƙi ci, shi a ganinsa matsalar kalar kaya ce, kamar atamfa a Kantin Kwari. Abba, kafin mu je ga launi amsa mini abu uku. Zurfin ruwan da kake ciki nawa ne? A ƙafa nawa na'urarka ta gano kifi ke nuna kifin? Zare ƙafa nawa ka saki, kuma gudun jirgin nawa?

Abba Columbus:
Yaya Injiniya, Bazazzagi ba ya ganin Bakano ya wuce shi, na sani. Ruwan wajen ƙafa 28 zuwa 30. Kifin ina ganinsu a na'ura jefi-jefi, ban riƙe zurfin ba gaskiya. Zare kuwa ina saki ne har in ga ya yi nisa. Gudu, a hankali dai.

Injiniya:
To ka amsa tambayarka da kanka. "Har in ga ya yi nisa" da "a hankali dai" su suka hana ka kifi.

Bari in yi bayani da ɗan tsawo, a yi haƙuri da ni. Jan ƙugiya a bayan jirgi lissafi ne na inda abin da kake ja yake a cikin ruwa. Idon walai yana kallon sama ne, kuma a cikin idon akwai wata fata mai mayar da haske, irin ta idon kyanwa, shi ya sa yake gani a duhu fiye da ƙananan kifayen da yake farauta. Daga ƙasa yake tasowa ya cafki abinci. In ka wuce ta samansa da ƙafa biyu zuwa biyar zai taso. In ka wuce ta ƙarƙashinsa da ƙafa biyu, ko gwal ka rataya bai gan ka ba. A ruwa mai ƙafa 30, sau da yawa masu cin suna rataye a ƙafa 12 ko 15, na kwance a ƙasa hutawa suke. Bandit mai dogon leɓe kuwa, in ka saki masa zare da yawa, yana nutsewa har ƙafa ashirin da ɗoriya. Ka ga kenan mai yiwuwa yini guda kana yawo a ƙarƙashin kifinka, kana gaisawa da shifshed.

Abin da za ka fara saye ba sabon launi ba ne, ril ne, wato abin naɗe zare, mai ƙidayar zare, guda huɗu iri ɗaya, ka cika su da zare iri ɗaya daidai wa daida, don in ɗaya bai cika ba ƙidayarsa ƙarya za ta yi maka. Yawancin jadawalin zurfin da ake amfani da su, irin na Precision Trolling, an auna su ne da zaren roba mai ɗaukar laba 10. Ka yi amfani da shi, lissafinka ya zo ɗaya da nasu. Sai ka jera sandunanka a zurfi daban-daban: ɗaya ƙafa 40 a baya, ɗaya 60, ɗaya 80, ɗaya 100. Wadda ta ci sau biyu, ka matso da sauran kusa da ita.

Baba Na-Yauri:
Salamu alaikum. Abba ɗana, sannu da ƙoƙari. Duk abin da Injiniya ya faɗa haka yake, sai dai ya fara gini daga rufi. Kafin ka tambayi zurfin kifi, tambayi ko kifin yana nan.

Na daɗe a Toledo, a ƙarshen yammacin tafkin, bakin kogin Maumee. A watan Maris da Afrilu kifin nan yana shigowa kogin ya zuba ƙwai, wasu kuma a kan duwatsun da ke yammacin tafkin. Lokacin mutane ke jeruwa cikin ruwa har ƙugu kamar ranar Argungu. Mayu yana nan kusa bai watse ba, shi ya sa ka same shi cikin sauƙi. To yammacin tafkin nan faranti ne, zurfinsa a tsakaice bai fi ƙafa 24 ba. Rana ta buge shi a Yuli ya yi ɗumi tun daga sama har ƙasa. Manyan kifayen, galibi matan, sai su kama hanyar gabas, su bi ƙananan kifi zuwa ruwa mai zurfi da sanyi: Huron, Lorain, Cleveland, Geneva, Ashtabula, har Pennsylvania da New York. Tsakiyar tafkin tana kai ƙafa 60 da wani abu, gabashinsa har ƙafa 210. Abin da ya rage maka a yamma yawanci matasa ne, su ne 'yan ƙananan da kake mayarwa.

Mu Sarkawa ba mu zama wuri guda mu ce kifi ya zo ya same mu. Ruwa ya ja, mu ja. Kai kuma kana da tirela, jirginka a kan taya yake. Me ya ɗaure ka a Port Clinton?

Abba Columbus:
Allah ya ƙara girma Baba. Wallahi sabo ne kawai, nan na sani, nan na taɓa samu.

Maman Hanifa:
Baba ina wuni. Ni ban yarda yamma ta zama kango ba fa. Mu daga Windsor muke, muna sauka ta ɓangaren Kanada, kuma a Yulin nan muna samun na ci, inci 16 zuwa 19, ba laifi. Ƙyanƙyasar 2015 da ta 2018 da 2019 ta cika tafkin da kifi, ba duka ke tafiya gabas ba. Kuma in don tukunya ne, ni na fi son waɗannan a kan ƙatuwar uwa mai laba 9, namansu ya fi daɗi. Abin da zan ce wa Abba shi ne ya ajiye robar nan ya koma tana. Ƙugiya biyu a jere, 'yan duwatsun ado, da ɗan faranti mai juyawa a gaba, ka saƙala tana ta miƙe sambal. Ka sa dalma oza ɗaya a gabanta da kamar ƙafa biyar ko shida. A gudun mil ɗaya a awa, zurfinta kusan rabin zaren da ka saki ne: ka saki 30, tana wajen 15. Lissafin da ko ɗan firamare zai riƙe.

Baba Na-Yauri:
Lafiya lau 'yata. Ban ce babu kifi ba, na ce manyan sun yi ƙaura. Kin yi gaskiya a kan daɗin nama.

Injiniya:
Hajiya, tana a Yuli? Ai sadaka za ki yi wa ƙananan kifin nan farin fac da shifshed. Kafin walai ya ji ƙamshinta waɗancan ɓarayin sun tsotse ta. Kuma mafi muni, ɗan ƙaramin fac zai maƙale a ƙugiya ki ja shi rabin awa ba ki sani ba, sandar nan ta mutu kenan. Ni da ruwa ya yi ɗumi cokali nake sawa, wato ɗan ƙarfe mai ƙyalli da ƙugiya a jiki, irin ƙananan Michigan Stinger, in ƙara wuta zuwa mil 2.5, wani lokaci har 3. A wannan gudun tarkacen kifi ba su cika iya bi ba, walai kuwa a ruwan ɗumi yana da kuzarin kora. Kuma ina share ruwa fiye da ninki biyu na wanda kike sharewa a awa guda.

Maman Hanifa:
Kana share ruwa, ina cika kular ƙanƙara da kifi. Ranar da iska ta kwanta, ruwa ya yi kamar madubi, rana ta take, ka zo da cokalinka mu gwada. Sai dai na yarda da maganar duba sanda. Mu duk minti goma sha biyar zuwa ashirin muke naɗo kowace mu duba, ko ba ta motsa ba.

Shehu Ngaski:
Ni fa ina karanta ku daga nan bakin Kainji ina ta dariya. Inji na tafiya, na'ura na nuna maka kifi, wata na'ura na ƙirga maka zare, kai kana zaune kana shan shayi. Wannan su ne ko aikin ofis? Kuma duk wahalar nan a kan kifi shida? A ba ni kalli ɗaya da dare ɗaya a tafkin nan naku ku ga aiki.

Ɗan Maraɗi:
Malam Shehu, ka shimfiɗa kalli a ruwan Ohayo, kafin asuba kai ne kifin da za a kama.

Baba Na-Yauri:
Shehu ɗan'uwana, ina gaisuwa, ina mutanen gida. Dariyarka na da hujja, ni ma na yi irinta farkon zuwana. Amma bari in gaya maka abin da ya sa shida. Tafkin nan ya taɓa lalacewa. A 1970 an rufe kamun walai saboda sinadarin makuri da aka samu a jikinsa daga dattin masana'antu. Hutun da kifin ya samu, da dokokin da suka biyo baya, su suka dawo da shi. Har yau a Ohayo ba a kama walai don kasuwa, na ƙugiya ne kawai, shida a rana, kada ya gaza inci 15. Masu raga na kasuwa suna can ɓangaren Ontario ta Kanada, su ma da adadin da aka yanka musu kowace shekara. Walai ɗin da ake soyawa a gidajen abinci na nan, yawancinsa daga Kanada yake zuwa. Kai ka fi ni sanin yadda giwan ruwa ya yi wuya a wurarenmu tun da aka koma raga mai ƙananan ido.

Game da ko su ne ko ba su ba ne, ni kaina na fi son in kashe inji, in bar iska ta tura ni, in riƙa jefa ƙugiyar nan mai dalma, Erie Dearie, da tana ina ƙirgawa kafin in fara naɗowa, in ji cizon a hannuna. Amma a Agusta, kifi ya watsu a fili mai faɗin mil da yawa, yana rataye tsakiyar ruwa ba dutse ba ciyawa, in ba ka ja ba sai dai ka sha iska ka dawo.

Shehu Ngaski:
Na karɓa Baba. Maganar ragar nan ta taɓa ni, gaskiya ce. Amma shayin dai ban janye ba.

Abba Columbus:
To yanzu in na ce zan gwada Lorain ko Geneva, ruwa mai ƙafa 50 ko 70, robata ba ta wuce ashirin da kaɗan. Yaya zan kai ga kifin da ke ƙafa 40?

Ɗan Maraɗi:
Nan ne gonata, tunda mu a Buffalo da Dunkirk ruwanmu mai zurfi ne. Hanya uku nake bi. Ta farko faifan nan Dipsy Diver. Wani ɗan faifai ne mai dalma a ƙasansa, in ka ja shi yana nutsewa da zarenka. A gindinsa akwai lamba 0 zuwa 3, hagu da dama. Sifiri yana nutsewa kai tsaye a bayan jirgi, 3 yana buɗewa gefe sosai amma ba ya kai zurfin sifiri. Ni a kowane gefe nakan sa ɗaya a lamba 1, ɗaya a lamba 3, ta haka ba sa harɗewa. Da zaren saƙa mai laba 30, ƙiyasina a lamba 1 kusan ƙafa biyu na zare ke ba ni ƙafa ɗaya na zurfi, a lamba 3 kusan uku. Ƙiyasi ne fa, kuma yana raguwa in zaren ya yi tsawo. Daga faifan zuwa cokali kada tsawon ya wuce na sandarka, in ba haka ba kifi zai zo bakin jirgi homa ta kasa kai masa. Akwai ɗan kusa da ke riƙe maƙatar faifan, ka ɗaure shi daidai yadda in kifi ya ja zai ɓalle. Ka matse shi da yawa, za ka yi kokawa da faifai da kifi gaba ɗaya. Ka sassauta da yawa, igiyar ruwa kaɗai ta ishe shi ya ɓalle.

Ta biyu, ka maƙala dalma oza 2 a zare, ƙafa 50 gaban robarka, sannan ka ƙara saki. Ta uku zare mai dalma a ciki, wanda launinsa ke canzawa duk yadi 10, kowane launi na ba ka wajen ƙafa biyar. Wannan na ukun naɗo shi aiki ne, launi goma yadi ɗari kenan, hannu zai gaya maka.

Injiniya:
Ƙari a kan na Ɗan Maraɗi, kuma wannan shi ne abin da na fi so Abba ya riƙe in zai zo wajenmu. A tsakiyar tafkin, lokacin zafi ruwan yana rabuwa hawa biyu: na sama mai ɗumi, na ƙasa mai sanyi, da wata iyaka a tsakaninsu. In ka ƙara wa na'urarka ƙarfin gani za ka gan ta kamar wani layin hazo a kwance. Zuwa Agusta da Satumba, ruwan da ke ƙarƙashin layin nan a wurare da yawa iskar shaƙarsa tana ƙarewa, domin gansakukar da ta mutu ta nutse tana ruɓewa tana cinye ta, kuma ba ya gauraya da na sama. Kifi ba ya zama inda ba zai yi numfashi ba. Don haka za ka ga an jeru a saman layin. Duk abin da ka saukar ƙasa da shi ka jefa a rijiyar da ba kowa. Mutane da yawa in ba a ci ba sai su ce a ƙara zurfi. Ni in ba a ci ba sama nake fara ɗagowa.

Sai gudu. Abin da GPS ke nuna maka gudunka ne a kan ƙasa, ba gudun cokalinka a cikin ruwa ba. Eri yana da igiyoyin ƙarƙashi masu ƙarfi. Za ka ja gabas a 2.3 ana ci, ka juyo yamma a 2.3 ɗin shiru, saboda a ƙasa ɗaya ya zama 2.8 ɗayan 1.8. Masu kuɗi suna saukar da na'urar Fish Hawk ta gaya musu gudu da sanyin ruwa a can ƙasa. Mu talakawa muna kallon lanƙwasar sandar faifai: in ta lanƙwashe fiye da ɗazu, gudun ƙasa ya ƙaru.

Maman Hanifa:
Mai jirgi da sanda takwas yana kiran kansa talaka.

Baba Na-Yauri:
Akwai dabarar da ba ta cin ko sisi. Kada ka tafi a miƙe kamar jirgin ƙasa, ka riƙa tafiyar maciji. In ka karya kwana, sandunan waje suna ƙara gudu su ɗan ɗago, na ciki suna rage gudu. In na waje ne ke ci a kwana, kifi ya ce maka ƙara wuta. In na ciki ne, rage. Kuma ka bi bayan igiyar ruwa, kada ka tunkare ta. In ka gama layinka, naɗe kaya, koma sama da gudu, ka sake gangarowa ta kan inda aka ci. Na ga yara suna kama biyu a wuri ɗaya su wuce abinsu har mil biyar, ba su waiwayo ba.

Abba Columbus:
Baba wannan ni ne. Ranar da na kama biyun nan kusan tare suka ci, na ci gaba da tafiya ina jiran na uku.

Wata tambayar: allunan nan masu tuta da nake gani suna bin gefen jirage, dole ne?

Injiniya:
In kifi na sama-sama, kusan dole. Tun da ƙananan katantanwan nan masu zane suka shigo tafkin a ƙarshen shekarun 1980 suna tace ruwa, ruwan ya ƙara haske, kuma kifin da ke ƙafa 10 ko 15 yana kaucewa inuwar jirgi da ƙarar inji zuwa gefe. Allo yana kai zarenka gefen, daidai inda suka kauce. Ka saki zaren da kake so, ka maƙala allo, ka bar shi ya buɗe. Na Off Shore ko na Church, duk suna aiki. Ƙa'ida ɗaya: mafi nisa daga jirgi shi ne mai dogon zare ko mai tafiya sama-sama, don in ya kamo ya zagayo ta bayan sauran ba tare da ya kwashe su ba. In allo ya ja baya ya fita daga sahu, kada ka fizga. Ɗauki sanda ka naɗo a hankali, abokinka ya cire allon, ka ci gaba ba tare da zaren ya yi sako-sako ba. Kada kuma a tsayar da jirgi. A Ohayo mutum ɗaya sanda uku aka yarda masa a Eri, kai da surukinka shida kenan, amma ka fara da huɗu har hannu ya faɗa.

Maman Hanifa:
Mu a Ontario biyu ne ga mutum ɗaya a jirgi. Kuma tunda an zo nan, Abba ka lura da layin iyaka a taswirar na'urarka. Lasisin Ohayo ba ya aiki a ruwanmu, ko da taku ɗaya ka tsallako.

Ɗan Maraɗi:
To launin fa da bawan Allah ya tambaya tun farko? Kun bar shi da jaka cike da roba. Ni dai na ga ranar da shunayya kaɗai ke ci, sandar da ke kusa da ita zurfi ɗaya gudu ɗaya ba ta samu ko ɗaya ba.

Injiniya:
Ban ce launi ba ya aiki ba. Na huɗu ne a layi: wuri, zurfi, gudu, sannan shi. In ukun farko sun daidaita, launi na iya mayar da kifi shida su zama goma sha biyu. In ba su daidaita ba, sifiri sau kowane launi sifiri ne. Abin da na saba: ruwa mai haske da rana, azurfa da shuɗi ko shunayya, ruwa mai duhu ko gajimare, ruwan gwal, jan ƙarfe, ruwan lemo da kore mai ƙyalli. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda. In ka canza launi da zurfi da gudu tare aka ci, wa za ka gode wa?

Ɗan Maraɗi:
Allah.

Injiniya:
Na sha kaye.

Shehu Ngaski:
Ba a tafkin nan naku ba ne aka kama wasu sun cusa wa kifi dalma a ciki? Bidiyon har nan ya zo mana.

Injiniya:
Nan Cleveland ne, ƙarshen Satumban 2022, a wajen awon wata gasa. Alƙalin gasar ya ga nauyin bai yi kama da girman kifin ba, ya farke cikinsu, sai ga dalma da yankan naman wani kifin. Mutum biyun sun amsa laifi a kotu, aka ba su kwana goma a gidan yari, aka ƙwace jirgin. Ina ganin shi ne kaɗai lokacin da dalma ta kai mutum zurfin da bai nufa ba.

Baba Na-Yauri:
A bar wasa haka, akwai maganar da ban ji an yi ba, kuma ta fi duk kifin. Abba, jirginka ƙafa 18 ne, kuma muna tura ka inda wani lokaci sai ka yi mil goma ko fiye daga gaɓa. Eri shi ne mafi rashin zurfi a manyan tafkunan nan biyar, shi ya sa yake saurin fushi. Igiyarsa gajera ce, a tsaye, ɗaya na bin ɗaya ba ta ba ka numfashi. Na taɓa fita da safe ruwa kamar mai, kafin la'asar iska ta juyo daga arewa maso gabas, tafiyar da muka yi cikin minti arba'in sai da muka yi awa biyu da rabi muna dawowa, yaron da ke tare da ni yana kwarfar ruwa yana salati. Tun ranar, in hasashen NOAA, hukumar yanayi ta Amurka, ya ce igiya za ta wuce ƙafa uku, ina gida. Rigar ruwa a jikinka take zama, ba a ƙarƙashin kujera ba. Rediyon jirgi a tasha 16, don waya tana ɗaukewa a can. Ka gaya wa iyalinka inda ka sauka da lokacin da za ka fito. In ka ga hadari ya haɗo ta yamma, ko ana ci kamar hauka, naɗe.

Abba Columbus:
In sha Allahu Baba, na ji kuma zan kiyaye.

Maman Hanifa:
Tunda Baba ya kawo abin da ya fi kifi, ga nawa. A zafin nan kada ka bar su cikin ruwan ɗumin akwatin jirgi. Yana shigowa ka yanke maƙogwaronsa jinin ya fita, ka sa a ƙanƙara, naman zai fito fari tas. Wanda ka ciro daga zurfin da ya wuce ƙafa 30 kuwa, in ya kai inci 15 ka riƙe shi cikin shidanka, kada ka ce za ka mayar ka jira babba. Iskar cikinsa ta kumbura, da yawa ba sa rayuwa. Sannan in ka ga ruwa ya yi kore kamar an zuba fenti, musamman ta wajen su Baba a ƙarshen zafi, gansakuka ce mai iya zama da guba, ka matsa gaba, kada yara su taɓa.

Baba Na-Yauri:
Wannan koren shi ya hana mu shan ruwan famfo kusan kwana uku a Toledo, Agustan 2014. Ba na mantawa, har Mishigan mutane suka riƙa zuwa neman ruwan roba.

Abba Columbus:
Salam jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana tara. Jiya Asabar mun sauka a Lorain bayan asuba, muka yi arewa har ruwa ya kai ƙafa 52. Na bi maganar Baba, ban jiƙa zare ba sai da na yi kusan minti ashirin ina yawo ina kallon na'ura. Kifin na ƙafa 30 zuwa 35. Faifai biyu a lamba 3 da cokali, ɗaya 75 ɗaya 95, alluna biyu da Bandit da dalma oza 2. Awa ɗaya shiru, har surukina ya fara kallona. Sai a wata kwana faifan waje, mai 75, ya ɓalle. Na tuna, na ƙara gudu daga 2.1 zuwa 2.5, na ɗago ɗayan zuwa 80. Mun tashi da tara, babban inci 26. Mun yi asarar uku a bakin jirgi, ɗaya laifina ne, na bar tsakanin faifai da cokali ya fi sanda tsawo duk da an gaya mini. Allunan kuma sun harɗe sau ɗaya har sai da na yanke zare. Iska ta fara tashi wajen sha biyu da rabi, muka fito ba mu cika sha biyun ba.

Ɗan Maraɗi:
Barka! Wane launi ya ci?

Abba Columbus:
Kunya ta hana ni faɗa. Bakwai daga cikin taran a cokali mai shunayya.

Injiniya:
A ƙafa 75 zuwa 80, a gudun 2.5. A rubuta wannan tukuna.

Maman Hanifa:
Ba wanda ya gwada tana, don haka shari'ata da Injiniya tana nan. Baba ne alƙali, kuma a jirginsa za a yi.

Baba Na-Yauri:
Jirgina ba ya ɗaukar mai gardama biyu. Abba, inci 26 ɗin nan kada a soya shi, a yi farfesu da kan. Asabar mai zuwa in iska ta bari zan gangaro Lorain, ka tanadi ƙanƙara, ni zan zo da tanar Hajiya.